Goggona Mai Wankan Gawa

Goggo yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara huɗu, bayan rasuwar mahaifiyata. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya rasu tun ban yi wayo ba, sai ya zama mu biyu ne a gidanta na unguwar Ɗan Iya, ɗaki biyu da rumfa da bishiyar lemun tsami a tsakar gida. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, amma ba da wannan aka san ta ba. Ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu.

Duk macen da ta rasu, daga bakin titi har bayan masallaci, ƙofarmu ake fara bugawa. Tana da wata jaka a rataye a bayan ƙofar ɗakinta, cikinta akwai busasshen ganyen magarya da kafur da auduga da sabulu, da wani tsohon zane mai duhu wanda take rufe gawa da shi. Idan aka yi sallama aka faɗa mata, sai ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta tambayi ƙarfe nawa za a yi sallah. In da sauran lokaci, sai ta ƙarasa cin tuwonta tsaf, ta wanke hannu, sannan ta ɗauki jaka. Ba ta taɓa karɓar komai a kan aikin ba.

Na tashi ina jin zancen mutuwa a gidanmu kamar yadda wasu yara ke jin zancen biki. Muna cin abinci za ta ce, "Ranar da na mutu, kada ki bari a yi min wanka da ruwan sanyi, kin san ba na son sanyi." Ko ta ce, "Matar nan ta gidan kusurwa, kada ta taɓa ni, hannunta nauyi gare shi." Tana faɗa tana dariya. Ta sayi likkafaninta a Kasuwar Muda Lawal, ta ninke ta sa a ƙasan akwati, sai dai bai taɓa daɗewa a can ba. Da an yi rasuwa a gidan da ba su da hali, sai ta ciro ta ba su, bayan kwana biyu ta koma kasuwa ta sayo wani. Mai yadin har tsokanarta yake yi, yana cewa ita kaɗai ce mai sayen likkafani ta dawo ta sake saye.

Saboda haka mutanen unguwa suka ɗauka cewa idan akwai wanda ya san zai mutu, sani na gaske, to Goggo ce. Malamar islamiyyarmu takan ba da misali da ita idan tana wa'azi a kan masu dogon buri. Ni ma haka na ɗauka. Ba ni da dalilin yin shakka.

Bayan na yi aure na koma Tirwun, inda maigidana ya gina mana gida, ina koyarwa a wata firamare. Kusan kullum idan an tashi makaranta nakan hau keke napep in leƙa ta. Da bayanta ya fara ciwo, sai na zama ni ke zuba mata ruwa idan za ta yi wankan gawa. A nan na ga yadda take aikin. Tana fara yi wa mamaciya alwala, ta fara da dama, ta warware kitso ta wanke gashi ta yi kalaba uku. Kuma tana yi mata magana a hankali kamar mai rai. "Yi haƙuri, baiwar Allah, zan juya ki." "Sannu, saura kaɗan." Rannan muna dawowa daga wankan wata mai jego, wadda ba ta kai ni shekaru ba, na tambaye ta.

"Goggo, ke ba kya jin tsoro?"

"Tsoron me? Rigar kowa ce. Yau ita, gobe ni."

Ta faɗa ba tare da ta rage sauri ba. Da muka iso bakin layi ta tsaya wurin mai masa ta ce a zuba mana masu zafi, a ƙara yaji.

Tana da kusan shekara saba'in lokacin da ciwon ya zo. Farkon damina ne. Abinci ya daina shigarta, ta rame, idanunta suka yi rawaya. Ta ce shawara ce, ta jiƙa saiwoyi ta yi ta sha. Da cikinta ya fara kumbura na matsa mata muka je asibiti. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki, aka ce mu dawo. Ranar da muka koma, likitan ya ce ta jira a benci, ya kira ni ciki ni kaɗai.

"Ke ce 'yarta?"

Na ce ni ce.

"Hajiya, ciwon daji ne a hantarta, kuma ya riga ya bazu. Aiki ba zai yi amfani ba. Za mu ba ta abin da zai rage mata zafi. Ku koma da ita gida, ku ba ta duk abin da ranta yake so."

Na tambaye shi kamar yaushe.

"Sani sai Allah. Amma yadda nake gani, da wuya ta ga kaka."

Na fito na same ta tana hira da wata mata a benci, tana koya mata yadda ake gane man gyaɗan da aka yi wa haɗi. A keke ta tambaye ni me ya ce, na ce ya rubuta magani.

Maigidana ya ce kada in faɗa mata. Ya ce mu ba a san mu da haka ba, ba a gaya wa marar lafiya zai mutu, karya masa zuciya kawai ake yi. Na ce masa, "Goggo ce fa. Matar da take sayen likkafaninta da hannunta." Na yi kwana uku ina juya abin. Na ga kamar cin amana ne in ɓoye mata. Ita da ta yi shekara arba'in tana shirya wa wasu tafiya, a ce tata ta zo mata ba shiri? Kuma in faɗi gaskiya, akwai son kai a ciki. Abin ya yi min nauyi, ina son wadda ta fi ni ƙarfi ta taya ni ɗauka, kuma duk duniya ban san wadda ta fi ni ƙarfi ba sai ita.

Bayan la'asar ne, tana zaune a rumfa da tire a cinyarta tana tsintar gyaɗa. Na zauna a gefen tabarma.

"Goggo, ran nan likita ya yi min magana, ban faɗa miki duka ba."

"Shawara ce ko? Ai na gaya miki."

"Ba shawara ba ce. Daji ne, a hanta. Ya ce ya yi nisa."

"To, sai a yi magani."

"Ya ce ba a warkewa."

Hannunta bai tsaya ba. Ta ci gaba da tsinta, amma na lura masu kyan take jefarwa ƙasa tare da ruɓaɓɓun.

"Wane ne ba zai warke ba?"

"Ke, Goggo."

"Ni?"

Ta ɗago ta dube ni. Na sha ganin fuskar nan a gidajen makoki, fuskar wanda aka tare a hanya aka gaya masa labari bai shirya ba. Ban taɓa zaton zan gan ta a kan Goggo ba. Bakinta ya buɗe kaɗan, kamar yarinyar da aka mara ba ta san laifinta ba.

"Shi ne Allah?" ta ce. "Yaron da ko gemu bai gama fitarwa ba?"

Na sunkuya ina tsince gyaɗar da ta zubar.

"Tashi ki tafi gidan mijinki, yamma ta yi."

Kusan mako guda ba ta yi min magana ba sai amsa gaisuwa. Na ɗauki hutu a makaranta na dawo gidan da zama, amma ko kallona ba ta son yi. Ta aika aka sayo mata sassaƙe kala-kala daga kasuwa, ta sa aka yi mata rubutu, ta ce a kai ta wani asibitin a sake hoto, don na farkon injinsu tsoho ne. Na kai ta. Maganar ɗaya ce. A hanyar dawowa ta ce su ma bakinsu ɗaya. Zancen mutuwa, wanda ba ya barin bakinta tun ina yarinya, ya ɗauke ɗif. Idan aka yi sanarwar rasuwa a rediyo sai ta ce in kashe, surutu ya yi mata yawa.

Ana haka mai masar bakin layinmu ta rasu. Hawan jini ne, ta faɗi da safe tana haɗa wuta. 'Yarta ta zo tana kuka ta buga mana ƙofa kamar yadda aka saba. Goggo ta yi salati, ta tashi da ƙyar ta ɗauki jaka. Na ce ta zauna, ba ta da ƙarfi. Ta ce, "Yaushe aka fara hana ni?" Muka tafi ina riƙe da hannunta.

Mata sun cika tsakar gidan, suka buɗa mata hanya. Ta kai har ƙofar ɗakin da gawar take. An rufe ta da zane, ƙafafunta kaɗai ake gani, da sauran lalle a yatsunta. Goggo ta dafa ƙyaure ta tsaya. Gumi yana zubo mata ta ƙasan ɗankwali.

"Ƙafata ta riƙe," ta ce.

Aka jawo mata turmi aka kifa, ta zauna a kai ta juya wa ɗakin baya. Ta miƙo min jakar ba ta dube ni ba. Ni da wata dattijuwa muka yi wankan. Ranar ce farkon da na yi ba ita a kaina. Na yi ta sauraron ko za ta ɗaga murya daga waje ta ce a yi kaza, ko ta gyara min wani abu. Ba ta ce uffan ba. Matan suka ce jiki ne, Allah ya ba ta lafiya. Babu wanda ya gane sai ni.

Da muka koma gida ta kwanta ta fuskanci bango. Na zaci barci take. Can sai na ji ta ce:

"Ruwan da ɗumi?"

"Da ɗumi, Goggo."

"Kun rufe ta sosai? Ba a ga jikinta ba?"

"Ba a gani ba."

"Da kuka juya ta, kanta bai bugu ba?"

"Na tallafe."

Sannan ta ce, "Jikinta ya yi sanyi ƙwarai?"

Matar da ta taɓa gawa fiye da yadda zan iya ƙirgawa ce take tambayata haka. Na ce, "Kamar dai yadda kika sani." Ta ce, "Ban sani ba."

Muna da wata maƙwabciya, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, Kirista daga kudancin jiha. Kowa Sista yake ce mata. Sun fi shekara talatin katanga ɗaya da Goggo, suna aika wa juna abinci da Sallah da Kirsimeti, suna faɗa a kan kajin Sista da ke shigo mana. Tun da ciwon ya tsananta, ita ke zuwa kowace safiya ta yi wa Goggo allurar rage zafi. Hausarta ba ta raba "ka" da "ki", amma zan rubuta maganarta yadda kunnena ya saba gyara ta. Wata safiya ina wanke-wanke a bakin rijiya, su biyu suna rumfa, na ji Goggo ta ce mata:

"Ke da mutane suka yi ta mutuwa a hannunki, ki gaya min gaskiya. Suna sani?"

Sista ta ɗan yi tunani. "Wasu suna faɗa da baki. Su kira yara su yi wasiyya. Amma ki bar su minti goma, sai ki ji suna cewa a gyara musu takalmi, ko a ajiye musu wani abu sai sun fito. Akwai wani tsoho da ya gama yi wa iyalinsa ban kwana, kowa yana kuka, da suka fita sai ya kama hannuna ya ce, 'Sista, maganin nan ba zai lalata min haƙora ba?' Bai kai azahar ba."

Goggo ta yi wata 'yar dariya wadda ta ƙare da tari.

"Wanzami ba ya son jarfa," ta ce. "Shekara arba'in ina cewa yau ita, gobe ni. Wallahi ban yi ƙarya ba, da zuciya ɗaya nake faɗa. Amma goben nan ba ta taɓa matsowa ba. Kullum tana nan a gobenta. Duk matar da na wanke, ni ce mai wankewa. Ni ke ɗaure jaka in dawo gida."

"Haka muke duka."

"A'a, ni na ɗauka na fi ku. Abin da ya fi ci min rai ke nan."

Sista ba ta ba ta haƙuri ba, kuma ina ganin shi ya sa Goggo ta ci gaba.

"Kin san wani abu? Ban taɓa ganin inda ake kai su ba. Aikina a zaure yake ƙarewa. Maza su sa a makara su fita, mu mu tsaya a ciki. Ban taɓa ganin an sa mutum a rami an rufe ba."

Bayan kwana biyu ta ce in samo keke, tana son a kai ta maƙabarta. Na ce mutane za su yi magana. Ta ce ba shiga za ta yi ba, daga waje za ta duba. Muka tafi da hantsi, na sa mata filo a baya saboda gargadar hanya. Mai keken ya tsaya a inda katangar ta rushe kaɗan, ana hango ciki. Na taimaka mata ta sauko ta jingina da ni.

Damina ta yi nisa, ciyawa ta rufe yawancin kaburburan. Sai tudu-tudu, wasu da tsinken itace, wasu da fasasshiyar tukunya. Sababbin suna gefe ɗaya, ƙasarsu ja, ruwan sama ya zaizaye gefensu. Akuya biyu suna kiwo a tsakani. Wani dattijo yana cike wani kabari da ya rufta, yana aiki a hankali kamar mai gyaran kunya a gona. A bayanmu motoci suna wucewa, wani yana tallan rake.

Ta daɗe tana kallo. Ta yi musu sallama, ta yi addu'a, na ce amin.

"Rabin matan nan na san jikinsu," ta ce. "Na san wadda take da tabon ƙuna a cinya, na san wadda aka yi wa aiki. Ga su nan, ban san wacece wacece ba."

Na ce mu tafi, rana ta fara zafi.

"Tsaya. Ina gwadawa ne."

"Gwada me, Goggo?"

"Ina son in ga kaina a ciki." Ta rufe ido, ta buɗe. "Ba ya yiwuwa. Da na ce ga ni an sa ni an rufe, sai in ga ina tsaye a nan bakin katanga ina kallon ana rufewa. In na ce ga ni a ɗaki ana yi min wanka, sai in ga ina tsaye a kanki ina duba ko kin fara da dama. Ko'ina ina nan. Na kasa fitar da kaina."

Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, ta ce in share fuskata kada mai keke ya gani.

Daga ranar ta daina fushi da ni, amma ba zan ce ta samu natsuwa ba. Abin ya zama kamar wutar lantarkin unguwarmu, a kawo a ɗauke. Wata rana za ta tashi da sani. Ta sa in kira mata maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ta nemi gafararsu, har matar gidan kusurwa. Ta raba zannuwanta, ta ba Sista babbar tukunyarta ta suyar ƙuli. Ta yi ta istigfari da carbi har ya faɗi daga hannunta. A irin waɗannan ranakun idanunta sukan firfito, ta riƙe hannuna gam, ta ce kada in je ko'ina, ko bayi ba ta son in shiga. Washegari kuma sai in same ta tana faɗan an bar mata rufin ɗaki yana yoyo, in rani ya yi za ta sa a canja kwanon gaba ɗaya. Ta taɓa aika ni in karɓo tukunyar daga wurin Sista, wai aro ta ba ta, gyaɗa ta kusa shigowa. Sista ta miƙo min. Bayan kwana uku Goggo ta ga tukunyar a rumfa ta ce, "Wannan ba na bayar ba?"

Na lura cewa ranakun da ta manta sun fi mata sauƙi. Tana shan kunu, tana tsokanar mutane, har ta ce a kunna rediyo. Ranakun da ta tuna ba ta iya haɗiye ko ruwa. Sai na fara tambayar kaina ko maigidana ne yake da gaskiya. Na taɓa ce mata, "Goggo, ki yafe min da na faɗa miki." Ta ce, "Da ba ki faɗa ba, da ban yafe miki ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Da kika faɗa ɗin ma, sai da na yi da gaske." Har yau ban san ko na kyauta mata ba.

Ta rasu ana gab da fara girbi, ranar wata Laraba da hantsi. Daren da ya gabata ba ta sha wahala ba, da safe ta yi sallah a kwance. Sista ta zo ta duba ta, ta fito ta ce min a hankali kada in yi nisa yau. Na dama kunun gyaɗa na ba ta cokali uku, ta kawar da kai. Na ɗauki kofin zan fita da shi.

"Ki rufe min shi," ta ce. "Anjima zan ƙarasa."

Na rufe da faifai na ajiye a gefen gado. Na zauna ina yi mata kalmar shahada, leɓɓanta suna motsi tare da nawa. Ba a yi rabin awa ba numfashinta ya canja, ya riƙa yin nisa da juna, sannan wani ya fita bai dawo ba.

Ni na yi mata wanka, da dattijuwar nan da muka yi na mai masa. Ta rame har ina iya juya ta da hannu ɗaya. Na so in yi mata magana yadda take yi wa wasu, amma na kasa. Maza suka shigo da makara, na bi su har zaure na tsaya. Bayan azahar suka dawo da ƙasa a ƙafafunsu, suka wanke hannu, aka kawo musu abinci suka ci.

An yi sadakar bakwai da kwana biyu, ina gidan ina tattara kaya, aka yi sallama a ƙofa. Wani ɗan uwanmu ne na nesa, dattijo mai kiwo a bayan Tirwun, daga dangin da ba su shigo gari ba. Ya zo gaisuwa tun ranar uku, don haka na yi mamakin ganinsa. Yana riƙe da igiya, a ƙarshenta wata tunkiya fara mai baƙin kai, cikinta ya fito.

Bayan mun gaisa ya ce, "Saƙon marigayiya ne. Na rasa yadda zan yi da ita, na ce bari dai in kawo."

Na ce wane saƙo.

"Da na zo duba ta, kin fita sayen magani, ta ce in zaɓa mata tunkiya mai ciki a garkena in kawo mata in ruwa ya ɗauke. Ta ce ta gaji da ƙuli, hayaƙi yana damunta, kiwo za ta koma kamar iyayenmu."

"Yaushe ke nan, Baffa?"

Ya ƙirga da yatsu. "Asabar ɗin da ta rasu Larabarta."

Na tuna Asabar ɗin. Da safiyarta ne ta sa na rubuta sunayen waɗanda za a ba sauran kayanta, ta kuma gaya min surar da take son a riƙa karanta mata. Na yi tunanin ko ni ta yi wa tanadi, ko wata hanya ce ta bar min wani abu ba tare da ta faɗa ba. Na so ƙwarai ya zama haka.

"Ta ce a kawo wa wa? Ko ni ta ce ka ba?"

Ya girgiza kai. "Ba ta ambace ki ba, 'yata. Cewa ta yi a kawo mata. Har ta ce in zo da turke, nata ya ruɓe."

Ya ciro turken daga buhun da ke kafaɗarsa. Na nuna masa gefen rumfa, ya nemi dutse ya kafa, ya ɗaure tunkiyar. Na kawo masa ruwa ya sha, ya yi wa Goggo addu'a, ya ce zai koma kafin rana ta yi. Tunkiyar ta yi ta jan igiya tana kuka bayan fitarsa. Babu dusa a gidan, babu harawa, sai na shiga wurin Sista na tambaye ta ko tana da ɓawon wake.